Ta yaya haske ke gano ƙwayar cuta guda ɗaya tak?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani ɗan ƙwallon gilashi da ke gano ƙwayar cuta ɗaya, irin ta bairas, da haske kawai. Ta yaya haka za ta yiwu, alhali madubin asibiti ma ba ya ganinta?

Amsa: Malama, gaskiya aka faɗa miki. Ƙwallon nan kaurinsa bai wuce na silin gashi ba. Ana tura masa hasken leza ta zaren gilashi da aka siranta aka kusanto da shi, sai hasken ya shiga ya yi ta kewaya gefensa ta ciki, sau dubbai kafin ya dushe. Irin wannan kewayen masanin kimiyya Lord Rayleigh ya bayyana a 1910 game da sauti a ƙubbar cocin St Paul da ke Landan, inda raɗa ke bin bango har ta isa ɗaya ɓangaren.

Ga inda dabarar take. Ba kowane launin haske ke zama a ciki ba, sai wanda tsawon zangonsa, wato tsawon igiyar hasken guda ɗaya, ya dace da kewayen cif-cif. Kuma wani ɗan kaso na hasken yana leƙowa waje, tazarar da ba ta kai maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Da zarar ƙwaya ta manne a jikin gilashin, sai ta ɗan jinkirta hasken, launin da ke dacewa ya gusa kaɗan, kamar yadda makaɗi ke liƙa danƙo a fatar ganga amonta ya sauya. Tunda hasken yana ratsa ƙwayar a kowane zagaye, gushin yakan isa a auna. Da haka masu bincike Frank Vollmer da Stephen Arnold suka gano ƙwayar mura mai suna Influenza A ɗaya-ɗaya a 2008.

Sai dai gilashin ba ya bambance baƙi. Ƙura ma ta sauka, zai nuna. Shi ya sa ake shafe shi da sinadarin garkuwar jiki mai kama cutar da ake nema kaɗai. Zafi kuwa shi ne babbar damuwata, don ɗumi kaɗan ya isa ya gusar da launin fiye da ƙwayar. Don magance haka, masu ƙera ƙananan zobban silikon da ke aiki irin na ƙwallon sukan ajiye zobe na biyu da ba a shafa ba, a riƙa kwatantawa. A ganina nan aikin ya rage: abin da ya yi kyau cikin ruwa mai tsabta a ɗakin bincike, sai ya jure jini da majina kafin ya amfani marar lafiya.