Lambar tana nan, amma wa ya gan ta?

Ka tambaye ni me ya sa na dawo maka da zanen allon nan na bin sawun jiragen sama, alhali duk bayanan da aka nema suna ciki. Suna ciki, ɗana, ban musa ba. Amma tsayin jirgi, wato nisansa daga ƙasa, sai an tono shi a wani ɗan akwati can gefe, kuma a aikinmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Ranar 3 ga Yuli 1988, jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran Air mai lamba 655, wanda ya taso daga Bandar Abbas zai je Dubai. Mutum 290 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Na'urar Aegis da ke cikin Vincennes, mai bin sawun jirage da sarrafa makamai, ba ta yi ƙarya ba: da aka duba abin da ta naɗa, jirgin hawa yake yi tun tashinsa. Amma abin da aka faɗa wa kyaftin William Rogers shi ne saukowa yake, irin ta mai shirin kai hari.

To ta ina aka rabu da gaskiya? Babban allon yana nuna inda jirgi yake da inda ya nufa, ba ya nuna tsayinsa. Sai ka zaɓi jirgin, ka juya ga wani ƙaramin allo, a nan ma lamba ce tsura, babu alamar hawa ko sauka. Dole mutum ya riƙe lambar farko a ka, ya jira ta gaba, ya gwada su. A zaune a ofis abu ne mai sauƙi. Su kuwa sojojin Vincennes suna musayar wuta da ƙananan jiragen ruwan Iran, ga tunanin jirgin ruwan yaƙinsu USS Stark da makami ya kashe wa sojoji 37 a 1987, kuma daga tashin jirgin zuwa harbo shi minti bakwai ne kacal.

Ga kuma batun lambar shaida da na'urar ke ba kowane jirgi a allo. Na'urar ta sauya wa jirgin lamba daga 4474 zuwa 4131, tsohuwar kuma ta koma kan wani jirgin soja da ke saukowa can nesa. Wasu masu nazari na ganin nan ruɗanin ya ƙaru. Ba wanke kyaftin nake yi ba, ya kutsa inda bai kamata ba. Sai dai allon bai taimake shi da komai ba.

Don haka koma ka sa kibiya jikin kowane jirgi, sama ko ƙasa, a gani ba tare da an taɓa komai ba. Lambar da aka saki kada a ba wani nan take. In ka gama kada ka kawo mini tukuna. Samo wanda ya kwana bakin aiki, ka kunna masa hayaniyar rediyo a kunne, ka tambaye shi wane jirgi ne ke saukowa. In ya tsaya lissafi, sake zane.