Ina raina kaina, na kasa buɗe baki a cikin mutane: haka aka halicce ni ko akwai mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekaruna 28, kuma shekarata uku ina aiki. Damuwata ita ce ba na yarda da kaina. In ana taro a wurin aiki, sai in san amsar abin da ake nema amma in kasa buɗe baki, gabana yana ta faɗuwa, har wani ya faɗi abin da ke bakina a yaba masa. Ran da na daure na yi magana kuwa, daren nan ba barci, ina ta juya abin da na faɗa ina ganin shirme na yi. In an yabe ni sai in ce sa'a ce kawai, wata rana asirina zai tonu. In na ɗauki waya na ga sa'o'ina, sai in ga kowa ya wuce ni. An ba ni shawarar in riƙa tsayawa gaban madubi kullum da safe ina cewa ni ta musamman ce. Na yi wata biyu ban ga canji ba, sai ma nake jin kamar ƙarya nake yi wa kaina. Haka aka halicce ni ne, ko akwai mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai mafita, kuma bari in fara da maganar madubin nan, domin na san kin ɗora wa kanki laifin rashin nasararsa. Ba laifinki ba ne. A shekarar 2009, Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin ƙauna ne. Waɗanda dama suke ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi. Masu raina kansu kuwa, waɗanda don su ake ba da wannan shawara, sai ransu ya ƙara ɓaci. Dalilin a fili yake: in ka faɗa wa zuciya abin da ya yi nisa da abin da ta yarda da shi, sai ta tashi gardama, ta shiga zaƙulo hujjojin da za su ƙaryata ka. Abin da ya same ki ke nan. Ki bar madubin.

A cikin wasiƙarki kin haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Na farko shi ne karɓar kai, wato mutum ya yarda cewa darajarsa ta ɗan'adam ba ta hawa ko sauka saboda abin da ya faru a taron yau. Na biyu shi ne ƙwarin gwiwa, wato ya yi imanin cewa zai iya wani aiki takamaimai. Na biyun ba riga ba ce da mutum zai sa ya shiga ko'ina da ita. Akwai likitan da hannunsa ba ya rawa a ɗakin tiyata, amma in aka miƙa masa lasifika ya yi jawabi sai muryarsa ta sarƙe. Ke ma na tabbata akwai fannin da ba kya ko tunani kafin ki yi abu, don kin saba. Saboda haka "ba ni da ƙwarin gwiwa" magana ce da ta yi faɗi da yawa. Abin da wasiƙarki ta nuna shi ne ba ki saba magana a gaban mutanen da kike ganin suna auna ki ba, kuma wannan abu ne da ake koyo.

Ga inda yawancin mutane suke yin kuskure, kuma a nan nake so mu daɗe. Suna jira sai ƙwarin gwiwa ya zo sannan su yi abin. Alhali shi daga baya yake zuwa. Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi bayanin wannan a 1977. Ya nuna cewa imanin mutum na cewa zai iya abu yana fitowa ne daga wurare huɗu: abin da ya taɓa yi da kansa ya ga ya yiwu, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar mutane da baki, da kuma yadda yake fassara abin da jikinsa ke ji. A cikin huɗun nan, na farko ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Bandura ya yi aiki da mutane masu matsanancin tsoron maciji. Bai zaunar da su yana yi musu wa'azin jarumta ba. Mataki-mataki aka bi da su: su kalli macijin daga nesa, su ga wani ya taɓa shi, su matso, su taɓa da safar hannu, har aka kai ga hannu tsirara. Kowane mataki da mutum ya tsallake sai ya zama shaida a wurinsa, kuma shaida ita ce abin da zuciya ba ta iya musantawa.

Hausawa na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A kan wannan matsala dai, ban yarda da karin maganar ba. Duk ranar da kika yi shiru a taro, kina samun sauƙi na ɗan lokaci, faɗuwar gaba ta lafa. To ƙwaƙwalwa tana ɗaukar darasi daga wannan sauƙin: shirun nan ne ya cece ni. Gobe sai tsoron ya dawo da ƙarfinsa, ko ma ya ƙaru, don ba ki ba kanki damar ganin cewa da kin yi maganar ba abin da zai faru ba. Haka gudu yake ciyar da tsoro. Shekara uku kina ƙin tashi, shi ya sa rawar take ƙara yi miki kwarjini.

Saboda haka ki gina taki matakalar. Kada ki fara da jawabi a gaban shugabanni. A taro na gaba, ki yi tambaya ɗaya tak, gajeriya, kuma ki yi ta a farkon taron kafin zullumi ya taru ya yi miki nauyi. Mako na gaba ki goyi bayan maganar wani ki ƙara jimla ɗaya taki. Sai ki kai ga faɗin ra'ayinki kafin kowa ya faɗa, daga nan ki kai ga saɓa wa wani cikin ladabi. Kowane mataki ki maimaita shi har ya fara zama ba komai ba, sannan ki hau na gaba. Kafin ki shiga, ki rubuta abin da kike tsoron zai faru, dalla-dalla: za a yi mini dariya, muryata za ta ɗauke, shugaba zai ɓata fuska. In kin fito ki rubuta abin da ya faru a zahiri. Bayan wata biyu, wannan ɗan littafin zai faɗa miki abin da madubi ya kasa.

Gabanki zai faɗi, kar ki yi tsammanin ba zai faɗi ba. Bugun zuciya, gumi a tafin hannu, bushewar baki, duk aikin sinadarin adirenalin ne da jiki ke saki in ya ga abu mai muhimmanci na tafe. Irinsa ne ɗan wasa yake ji kafin a busa usur. Ba alama ba ce ta cewa za ki kasa. Kuma mutane ba sa ganinsa yadda kike zato. Thomas Gilovich da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell sun wallafa wani gwaji a shekarar 2000: an sa ɗalibai riga mai hoton wani mawaƙi da suke jin kunyar a gan su da ita, aka tura su cikin ɗaki mai mutane. Sun ɗauka kusan rabin mutanen sun lura da hoton. Da aka tambaya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura. Kowa a wurin taron nan naku yana fama da nasa tunanin ne, wani ma yana shirya abin da zai faɗa, kamar ke.

Wata dabara da ke taimakawa sosai: lokacin da ake magana, ki mai da hankalinki waje. Masu irin damuwarki sukan zama masu gadin kansu, suna sauraron muryarsu, suna tunanin yadda fuskarsu take. Masana halayyar ɗan'adam David Clark da Adrian Wells sun bayyana a 1995 cewa wannan sa ido a kan kai, tare da bitar abin da ya wuce bayan an watse, suna cikin abubuwan da ke riƙe tsoron shiga mutane ya ƙi tafiya. Ki saurari mai magana da gaske, ki kalli abin da ake tattaunawa. Juye-juyen dare kuma ki sa masa iyaka: minti goma, a rubuce, me ya yi kyau, me zan gyara, shi ke nan a rufe littafi. Abin da ya wuce haka ba gyara ba ne, azabtar da kai ne.

Yanzu mu dawo kan karɓar kai, domin in babu shi matakalar nan ba za ta tsaya ba. Wata rana za ki yi magana ki yi kuskure na gaske. Abin da za ki faɗa wa kanki a wannan daren shi zai yanke ko za ki sake tashi. Albert Ellis, wanda ya fara tsarinsa na jinya ta hanyar gyaran tunani a 1955, ya dage a kan abu ɗaya: a auna aiki, kada a auna mutum gaba ɗayansa. "Bayanina na yau bai fita ba" magana ce da za a iya dubawa a gyara. "Ni ba ni da amfani" hukunci ne a kan rayuwa sukutum saboda minti biyu. Ki lura da sau nawa kike tsallakawa daga ta farko zuwa ta biyu ba tare da kin ankara ba.

Mutane da yawa suna tsoron cewa in sun sassauta wa kansu za su sangarce. Na fahimci wannan tsoro, musamman ga wanda ya tashi a hannun masu ganin tsawa ita ce tarbiyya. Amma bincike bai goyi bayansa ba. Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta fara auna tausaya wa kai a kimiyyance a 2003, kuma a 2012 Juliana Breines da Serena Chen sun ba ɗalibai jarrabawa mai wuya, sannan suka duba wa zai fi dagewa wajen karatu kafin a sake. Waɗanda aka tunatar da su su yi wa kansu sauƙi a kan faɗuwar farko sun fi daɗewa suna karatu. Wanda bai ɗauki kuskure a matsayin abin kunya ba shi ne yake iya tsayawa ya kalle shi da kyau. Gwaji mai sauƙi: in ƙawarki ce ta zo miki da labarin abin da ya faru, me za ki ce mata? Ba za ki yi mata ƙarya ba, ba kuma za ki ce mata shashasha ba. Wannan muryar nake so ki ara wa kanki.

Batun cewa asirinki zai tonu, wannan ma sananne ne. Pauline Clance da Suzanne Imes sun bayyana shi a 1978 bayan sun yi aiki da mata sama da 150 masu digirori da manyan muƙamai, waɗanda duk da haka suke ganin yaudarar mutane suke yi. Daga baya an gano maza ma suna fama da shi. Ki lura da rashin adalcin lissafin: in abu ya yi kyau, sa'a ce, in ya lalace, ke ce. Sa'a ba ta riƙe mutum a aiki shekara uku. In an yabe ki, ki ce na gode ki tsaya nan, kada ki bi yabon da bayanin da zai rushe shi.

Waya kuwa, ba zan ce ki jefar da ita ba. Kwatanta kai da wasu ɗabi'ar ɗan'adam ce, Leon Festinger ya yi rubutu a kanta tun 1954. Matsalar ita ce kina gwada cikin gidanki da ƙofar gidan wasu, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shafukan da kullum kike rufe su da ƙuncin rai, ki daina bin su.

Kin tambaya ko haka aka halicce ki. Gaskiya ne wasu tun suna jarirai sun fi wasu ɗari-ɗari da baƙo da sabon wuri, kuma ana gadon wani ɓangare na wannan. Mai yiwuwa ba za ki taɓa zama mai surutu a taro ba, kuma ba a buƙatar ki zama. Rashin yawan magana hali ne, ba cuta ba. Abin da muke so mu cire shi ne shirun dole, wanda kike da abin faɗi amma tsoro ya rufe miki baki.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon ki ɗauke shi da muhimmanci. Rashin barcin da kika ambata ya tsaya mini a rai. In kin ga baƙin ciki ya zauna miki kusan kullum har mako biyu ko fiye, abubuwan da kike jin daɗinsu sun daina yi miki daɗi, barci ko cin abinci ya rikice, ko tsoron ya kai ki ga ƙin zuwa aiki da guje wa mutane, to kada ki tsaya a kan wannan amsa tawa. Ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam. Ciwon damuwa da matsanancin tsoron shiga mutane duka ana maganinsu, ta hanyar jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wani lokaci a haɗa da magani. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwar miki, a ranar za ki faɗa wa wani da kika amince da shi, ku je asibiti tare. In ba a kai can ba, ki fara da tambaya ɗayan nan a taro na gaba, ki rubuto mini bayan wata biyu in ji abin da littafinki ya nuna.