Kwas ɗin katun a intanet: ina ya kamata kuɗina su tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina koyon zane mai motsi da manhajar Blender a YouTube. Ina iya sa mutum ya yi tafiya, ya yi tsalle, amma in na kalli aikina sai in ga kamar gunki ake turawa. Na tara 'yan kuɗi. In sayi kwasa-kwasan bidiyo ne, ko in shiga makarantar da ake haɗa ɗalibi da malami? (Wani matashi daga Zariya)

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bidiyo ka riga ka ƙoshi da shi. Abin da ya rage maka shi ne idon wanda ya fi ka, ya duba aikinka ya nuna maka inda ya mutu.

A ce ka yi mutum yana ɗaga buhun masara. Kai za ka ga ya sunkuya, ya ɗaga, shi ke nan. Malami kuwa zai tsayar da hoton, ya ja jan layi a kan gadon bayan mutumin, ya ce ƙugu bai koma baya ba, nauyi bai sauka a ƙafa ba, buhun ya tashi kamar matashin kai. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, kuma sau da yawa hoto biyu da aka ƙara ko aka rage su ne ke sa motsi ya yi rai. Wannan gyaran ba ka samunsa a bidiyon da aka ɗauka don mutum dubu.

A kan wannan tsari aka gina makarantar intanet ta Animation Mentor, wadda Bobby Beck da Shawn Kelly da Carlos Baena suka buɗe a 2005 a Amurka, bayan sun yi aiki a kamfanonin fim na Pixar da ILM. Karatunta aji shida ne, kowanne mako 12, jimla wata 18. Akwai kuma AnimSchool da iAnimate masu irin wannan salo. Duka da dala ake biya, aji ɗaya kan haura dala dubu. Don haka kada ka ɗaura wa kanka karatun gaba ɗaya. Tura musu aikinka, ka nemi ajin motsin jiki kaɗai, domin nan ciwonka yake. Ka kuma tambaya ko ana ɗaukar darasin kai tsaye a ajiye: Kalifoniya, inda Animation Mentor take, tana bayanmu da awa 8 ko 9, ƙarfe shida na yamma a can biyu ko uku na dare ne a Zariya, ga batun wuta da data.

Kafin ka biya ko kwabo, shiga shafin intanet na 11 Second Club. Duk wata suna sa gajeren sauti na magana, kowa ya yi masa motsi, a yi ta gyara wa juna kyauta. Nemi littafin Richard Williams na 2001, The Animator's Survival Kit. Sannan jingine wayarka da bango ka ɗauki kanka kana ɗaga buhun nan, ka kalla a hankali. Za ka sha mamaki.

Tambaya: An ce min in ban koma manhajar Maya ba, ba zan taɓa samun aiki ba. Gaskiya ne? (Wata 'yar uwa daga Kano)

An ƙara gishiri, 'yar uwa. Gaskiya ne manyan kamfanonin fim da yawancin makarantun nan Maya suke amfani da ita, in can kika nufa za ki koye ta. Amma da Blender, wadda kyauta ce, aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci lambar yabo ta Oscar a 2025. Mai ɗaukar aiki motsin da kika yi yake kallo, kuma wadda ta san nauyi da lokaci ba ta daɗewa wajen sabawa da sabuwar manhaja. Ki zauna a Blender har sai wani aji ko aiki ya buƙaci Maya. Maya ta satar nan dai ki bar ta, za ta iya cika miki kwamfuta da cuta.

Tambaya: Wani a Instagram ya ce zai koyar da ni wata shida, amma in biya duka yanzu. (Mai karatu daga Maraɗi)

Kada ka biya duka. Ce ya nuna maka aikin hannunsa, da aikin ɗalibinsa ɗaya kafin ya shiga da bayan ya gama. In ya ce ya yi aiki a wani fim, duba jerin sunayen ƙarshen fim ɗin. Sannan tura masa motsinka na daƙiƙa biyar ya gyara. In "ya yi kyau, ci gaba" kawai ya ce, riƙe kuɗinka. In ya nuna maka hoton da ƙafa ta zame da dalilin zamewarta, biya masa wata ɗaya ka ga kamun ludayinsa.