Jakar Ruwa a Ƙashin Muƙamuƙi: Shin Sai An Yanke Ƙashin?

Tambaya: Likita, muƙamuƙin ƙanena na ƙasa ya daɗe yana kumbura a hankali, ba ya masa ciwo. An ɗauki hoto, aka ce wata jakar ruwa ce ta rarake ƙashin, sai an yi tiyata. Yanke muƙamuƙin za a yi? Kuma ƙashin da ya lalace yana dawowa? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, yawancin irin wannan ba a yanke ƙashi.

Jakar takan samo asali ne daga saiwar haƙorin da ya ruɓe ya mutu, ko kuma ta lulluɓe haƙorin turmi na ƙarshe da ya maƙale bai fito ba. Ruwa na taruwa a cikinta, tana tura ƙashi, har ya yi siriri. Wani idan na danna wurin da yatsa sai in ji yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai.

Idan ba ta yi girma ba, ta cikin baki muke shiga, mu ɗaga dasashi, mu ɓare jakar gaba ɗaya, mu ɗinke. Ba tabo a fuska. Jini ne ke cika ramin, ya daskare, sannu a hankali ya zama sabon ƙashi cikin wata 6 zuwa 12, babban rami kuwa yakan kai shekara 2.

Idan ta yi girma har ta kusanci jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin zuwa leɓen ƙasa, na fi son a fara tsiyaye ruwanta ta sace. Mukan huda, mu sa ɗan bututun roba, maras lafiya ya riƙa wanke ramin da sirinji da ruwan gishiri kullum. Watanni ake yi, akwai gajiya, amma jakar na motsewa, ƙashi na bin bayanta, sannan a cire ragowar cikin sauƙi. Duk da haka leɓe na iya yin sanyi kamar ba nasa ba bayan aiki. Galibi yana warwarewa.

Abin da nake roƙonku kada ku yi wasa da shi shi ne a kai naman da aka cire ɗakin gwaji. Akwai nau'in jakar da ke yawan dawowa, dole a ci gaba da ɗaukar hoto shekaru bayan aiki. Akwai kuma ƙari, wato tsiro, da ake kira amelobilastoma, wanda muke yawan gani a Najeriya, a hoto kuma yana kama da jakar ruwa. Shi ne yakan sa a yanke wani sashe na muƙamuƙi. A nan sai a ɗaure gefe da gefe da farantin ƙarfen taitaniyam, a cike giɓin da ƙashi daga ƙugunsa, ko haƙarƙari, ko siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa. Daga baya a yi maganar haƙoran roba.

Don Allah kada a kai shi wurin wanzami a yi sakiya. Ruwan zai fito, kumburin ya ɗan sauka, amma jakar tana nan, ga ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Ki ce masa ya daina tauna rake da ƙashin nama, domin muƙamuƙin da ya yi siriri yana iya karyewa. Ku ɗauki hoton ku je sashen tiyatar baki da fuska na asibitin koyarwa da ke Shika, Zariya, shi ne kusa da ku, ko na Malam Aminu Kano.