Amsa ga 'yar uwar da haɓo ya rage wa jini

Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce haɓo ya yi ta zuwar miki kusan wata guda, yanzu in kin miƙe sai jiri, kina neman abin da za ki ci jininki ya dawo. Na sha wannan wahalar, shi ya sa na kasa wucewa.

Kuskuren da na yi shi ne na duƙufa a kan abinci ban je an auna ni ba. Sai da hawan bene ya fara gagarata, zuciya na bugawa, sannan na je asibiti, aka tarar himoglobin ɗina, wato sinadarin da ake aunawa don a san ƙarfin jini, ya faɗi ƙasa da 12, inda ake fara cewa mace na da ƙarancin jini. A nan na koyi cewa ruwan jini yana cikowa cikin kwana 1 ko 2, amma jajayen ƙwayoyin sai sati 4 zuwa 6, shi kuwa ayon, sinadarin da jiki ke ajiyewa don ƙera jini, watanni yake ɗauka.

Hanta, jan nama da kifi su ne kan gaba, domin ayon ɗinsu ya fi shiga jiki. Wake da koren ganye ma suna da shi, sai dai ki haɗa da lemon zaƙi ko tumatir, bitamin C ne ke taimaka masa. Abin da ya daɗe yana cutar da ni ban sani ba shi ne shayi a kan abinci, ashe hana ayon shiga yake. Na koma ba shi tazarar awa 1 ko fiye. Ƙwayar ayon da aka rubuta min ta sa bayan gidana ya yi baƙi, kada wannan ya tsorata ki. Na ci gaba da sha wata 3 bayan awon ya daidaita.

Amma fa tulun da ke yoyo ba ya cika. In jinin ya ɓalle, ki zauna ki sunkuyar da kai gaba, ki matse taushin hancin minti 10 zuwa 15 ba saki. Kada ki ɗaga kai sama, jinin zai gangara cikinki. Ki guji asfirin da ibuprofen sai da izinin likita, a duba miki hawan jini kuma. In ya wuce minti 20 bai tsaya ba, ko kika ji kamar za ki suma, a kai ki asibiti nan take.

Jirin nan naki dai, don Allah ki je awo cikin satin nan.