Likitoci sun ce sai an cire wa ƙanwata babban hanji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ce, shekarunta 26, aurenta bai kai shekara ba. Ta daɗe da ciwon gyambon babban hanji, yanzu ya taso mata gadan-gadan, gudawa da jini fiye da sau goma a rana. Tana kwance a asibiti nan Makka, an ƙara mata jini leda uku, yau kwana biyar ana allura babu sauƙi. Likitoci sun ce a cire hanjin, a sa mata jaka a ciki. Mahaifiyarmu ta ce basir ne, a kawo ta gida a jiƙa mata sassaƙe. Mijinta ya kasa cewa komai. Ina mafita? Daga wata 'yar'uwa, Shara Mansur.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ban duba ta ba, amma idan yadda kika faɗa haka yake, kada ku fitar da ita daga asibiti, kuma kada ku ja wa likitoci rai.

Ki lallashi Mama, ki gaya mata wannan ba basir ba ne. Basir jijiyoyi ne da ke kumbura a bakin dubura. Ita kuwa ƙanwarki garkuwar jikinta ce ke cin fatar cikin babban hanji, daga dubura zuwa sama, har wurin ya zama ɗanye yana tsiyayar jini. Tun 1955 likitocin Ingila biyu, Truelove da Witts, suka sa ma'auni: gudawa da jini sau 6 ko fiye a rana, haɗe da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90, ko ƙarancin jini, to ciwo ya yi tsanani. Ana farawa da allurar hydrocortisone ta jijiya, a duba a rana ta uku. In ba ta ji sauƙi ba, a gwada infliximab ko ciclosporin, magungunan da ke danne garkuwar jiki. Ki tambayi likitocinta ko sun gwada ɗaya daga ciki, kuma ko sun auna bayan gidanta sun tabbatar ba atini ba ne, musamman in ta je gida Nijeriya ko Nijar kwanan nan. Amma jinin da ake ƙarawa yana zubewa ba ya jiran wani magani. Hanjin da ya kumbura haka yana iya buɗewa kamar balan-balan ya fashe, ƙazanta ta watsu a ciki, kuma tiyatar da aka yi bayan fashewa ta fi hatsari nesa ba kusa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin wannan shi ne kwanakin da dangi ke cinyewa wajen shawara, mara lafiya tana ta ramewa.

A aikin gaggawa ana cire babban hanji, a bar dubura, a fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na ciki, bayan gida yana zuba a jakar da ake mannawa. Ƙaramin hanji ne ke tsotse amfanin abinci, don haka za ta ci, ta yi ƙiba. Jakar kuma ba lalle ta zama ta har abada ba. Bayan watanni, in ta murmure, ana iya naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a yi masa ma'aji, a haɗa da mafitar bayan gida, aikin da Parks da Nicholls suka bayyana a Landan a 1978. Mai wannan ma'aji yakan zaga kamar sau 4 zuwa 8 a rana, wani lokaci ma'ajin ya kumbura sai an sha magani.

Na san haihuwa ce ke cin ran mijin. Aikin farko ba ya shiga ƙasan mara, ba ya hana ɗaukar ciki. Na biyun ne ke iya rage haihuwa saboda tabon da yake bari kusa da bututun mahaifa, shi ya sa mata da dama ke jinkirta shi sai sun haihu. A zaunar da su biyun gaban likitan tiyata, ita ma ta ji da kunnenta, domin ita ce mai jikin.

Kafin aiki, kada wanda ya ba ta maganin tsayar da gudawa, ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Bayan aiki, zafin Makka ne abin tsoro, domin babban hanji ne ke mayar da ruwa da gishiri cikin jiki. Ta riƙa shan ruwan gishiri da sukari, in fitsari ya ragu ko jiri ya kama ta, a koma asibiti a ranar. Salla da ɗawafi ba su faɗi a kanta ba, malamai sun sa mai jaka cikin masu lalura irin ta yoyon fitsari. Ta zubar da abin da ke jakar kafin alwala, sauran bayanin ku nemi malaminku.