Xingyi ko Bagua, da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana sha'awar waɗannan salon faɗa biyu na ƙasar Sin, amma kana tsoron kada koyon ɗaya ya ɓata maka ɗayan.

Ba sa ɓata juna. Xingyi kai-tsaye yake tafiya: ka taka gaba, naushi ya fita tare da ƙafa da nauyin jiki duka. Naushinsa na asali biyar ne, amma kafin nan sai ka sha tsayuwar santishi, yawancin nauyi a ƙafar baya, har cinya ta fara rawa. Bagua kuwa, wanda Dong Haichuan ya koyar a Beijing a ƙarni na 19, kewaye ne aikinsa. Kana zagaya da'ira, tafin hannu a buɗe, ƙugu na murɗawa, ka kauce ka ɓullo ta gefen abokin karawa. Bagua ya samo maka kafa, Xingyi ya ba ka ƙarfin shiga.

Ni dai Xingyi zan ce ka fara, don motsinsa kaɗan ne. Sun Lutang ma, sanannen malamin faɗa na ƙasar Sin da ya ƙware a duka biyun, da shi ya fara. Kada ka haɗa su tun farko.

A zagayen Bagua, masu koyo sukan murɗa gwiwa ƙafa na manne a ƙasa. Wannan kuskure ne: kamata ya yi gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka fuskanta. Bidiyo ba zai gyara maka tsayuwa ba, sai malami. In kana da tsohon ciwon gwiwa ko na baya, fara ganin likita tukuna.